Labarin Mikel Obi, Ɗan Tsakiya

1. Aikin Ɗan Tsakiya

Jama'a, kowa ya san ƙwallon ƙafa, wanda waɗansu ke kira tamaula. Ba ƙauyen da za ka shiga da la'asar ba ka iske yara suna bugawa a bayan gari ba. Waɗansu da ƙwallon roba, waɗansu da tsumma da suka ƙulle. Manya kuwa su kan taru gindin rediyo ko gidan kallo, su ji yadda ake karawa a Turai. Yau za mu karanta labarin wani yaro da ya fara buga ƙwallo a Jos, har sunansa ya kai ko'ina cikin duniya. Amma sai mu fara sanin irin aikin da ya yi a fili tukuna.

A wasan ƙwallo mutum 11 ne kowane gefe. A kan yi minti 90 ana bugawa, a huta sau ɗaya bayan minti 45. Mutum 11 ɗin nan sun kasu kashi huɗu. Akwai mai tsaron gida, wato gola. Shi kaɗai aka yarda ya kama ƙwallo da hannu. Akwai 'yan baya, masu tare abokan karawa. Akwai 'yan gaba, masu jefa ƙwallo cikin raga. Sa'an nan akwai 'yan tsakiya.

Kun ga yadda ake ginin soro. Magini yana bisa, mai kwaɓa ƙasa yana ƙasa, ga kuma wani a tsakaninsu yana miƙa tubali. Idan an gama gini magini ake yabo. Amma da mai miƙon nan zai zauna, sai aiki ya tsaya cik. To, ɗan tsakiya shi ne mai miƙon tubali. Ya karɓi ƙwallo daga 'yan baya, ya miƙa wa 'yan gaba. Idan ƙwallo ya kuɓuce, shi zai fara bi ya ƙwato. Saboda haka ya fi kowa gudu. A wasa ɗaya ya kan yi gudun mil 6 ko 7.

'Yan tsakiya kuma iri biyu ne. Wani yana kusa da 'yan gaba, yana shirya musu ci, wani lokaci shi ma ya ci. Wani kuwa yana tsaye gaban 'yan baya kamar garkuwa. Shi wannan ba safai ya kan ci ba, ba safai kuma a kan tafa masa ba. Ku riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

2. Yaron Jos

An haifi Mikel a Jos ran 22 ga watan Afrilu, 1987. Iyayensa Ibo ne mazauna Jos. Mahaifinsa yana sana'ar motocin haya. Jos gari ne mai sanyi, garin kuza, tun da daɗewa kuma aka san shi da 'yan ƙwallo.

Sunan da aka raɗa masa John Michael Nchekwube Obinna. To, ina aka samo Mikel? Cikin 2003 aka zaɓe shi ya buga wa Nijeriya wasan yara 'yan ƙasa da shekara 17 a ƙasar Finlan. Ma'aikatan hukumar ƙwallo suka zo rubuta sunansa, suka yi kuskure. Maimakon Michael sai suka rubuta Mikel. Haka aka buga a bayan rigarsa, haka duniya ta karanta. Shi kuwa sunan ya yi masa daɗi, ya riƙe. Kun ga abin da alƙalami ke yi. Kuskuren baƙi biyu uku ya sake wa mutum suna har abada.

Tun yana ɗan shekara 12 aka ɗauke shi makarantar koyon ƙwallo ta Pepsi. Daga nan ya shiga kulob ɗin garinsu, Plateau United. Bayan wasan Finlan sai Turawa suka fara sa masa ido. Ba a daɗe ba ya tafi ƙasar Norwe, can arewacin Turai inda ƙanƙara ke zuba, ya shiga wani kulob mai suna Lyn a birnin Oslo. Shekarunsa 17 ke nan.

3. Rigimar Takarda

Ɗan ƙwallo ba ya tashi daga kulob zuwa kulob yadda ya ga dama. Sai an rubuta takardar alkawari. Cikinta a kan faɗi shekarun da zai yi, da albashinsa. Idan wani kulob yana son sa kafin wa'adi ya cika, sai ya biya kulob ɗin da ke riƙe da shi. Galibi kuma ɗan wasa yana da wakili, wato kamar dillali, mai karanta masa takarda ya yi ciniki a madadinsa.

A ƙarshen watan Afrilu, 2005, Mikel bai fi mako ɗaya da cika shekara 18 ba, sai Manchester United, babban kulob na Ingila, ya yi shela cewa ya saye shi daga Lyn. Aka ɗauki hotonsa sanye da jar rigarsu. Ya sa hannu a takarda, wakilinsa kuwa ba ya nan.

Nan da nan wani babban kulob na Landan ya ta da magana. Sunansa a rubuce Chelsea, a baki Calsi. Suka ce ai su suka riga, tun tuni akwai magana tsakaninsu da yaron. Cikin watan Mayu aka nemi Mikel a Oslo aka rasa. Har 'yan sanda suka shiga nema. Ashe yana Landan. Ya fito ya gaya wa duniya cewa matsa masa aka yi ya sa hannu, shi Chelsea yake so.

Magana ta kai gaban hukumar ƙwallo ta duniya, wadda ake kira FIFA. Aka yi fiye da shekara guda ana ja-in-ja. Duk wannan lokaci yaron bai sami buga wa kulob wasan kirki ba. Sai cikin watan Yuni, 2006, aka daidaita. Chelsea ta biya fam miliyan 16. Manchester United ta karɓi miliyan 12, ga shi kuwa ko sau ɗaya bai buga musu ba. Lyn ta karɓi miliyan 4. Daga baya, cikin 2008, kotu a Oslo ta kama wani babban ma'aikacin Lyn da laifin ƙaga takardar ƙarya a kan wannan ciniki.

Ku duba fa. Sa hannu ba ya cin minti ɗaya, amma warware shi ya ci shekara. Gaggawa aikin Shaiɗan.

4. Rigar Ƙasa

Ana cikin rigimar nan aka yi gasar samari ta duniya, ta 'yan ƙasa da shekara 20, a ƙasar Holan. Cikin watan Yuni da Yuli ne, 2005. Samson Siasia ne mai koyar da 'yan Nijeriya. Ya sa Mikel kusa da 'yan gaba, ya ce ya shirya musu ci. Yaron ya nuna gwaninta ƙwarai. Ƙwallo kamar an ɗaure masa a ƙafa.

Nijeriya ta kai wasan ƙarshe, ta gamu da Ajantina. Ajantina ta ci 2, Nijeriya 1. Wani yaro mai suna Lionel Messi shi ya ci duka biyun, da bugun fanareti. Da aka zo zaɓen gwanayen gasa, Messi ya zo na ɗaya, Mikel na biyu, Taye Taiwo na Nijeriya na uku. Mutane suka ce lalle an sami magajin Jay-Jay Okocha.

Cikin shekarar nan aka kira shi cikin manyan 'yan wasan ƙasa. A farkon 2006 ya je gasar Kofin Afirka a Masar. Ran da aka kara da Zimbabuwe ya shigo bayan hutu, ya shirya ci ɗaya, ya ci ɗaya da kansa. Nijeriya ta zo ta uku.

5. Shekara Goma da Rabi a Landan

Farkon zuwansa Chelsea bai ji da daɗi ba. Yana makara wajen motsa jiki, aka ci shi tara. Yana da zafin kai a fili, alƙalin wasa ya kore shi fiye da sau ɗaya cikin shekararsa ta fari. Mai koyarwa kuwa, Jose Mourinho, mutumin Fotugal, ba ya ɗaukar wargi. Da yaron ya ga haka sai ya gyara halinsa.

Sa'an nan Mourinho ya sake masa aiki. Chelsea tana da gwanayen ci, irin su Frank Lampard da Didier Drogba. Abin da take nema shi ne wanda zai gaji Claude Makelele, garkuwar 'yan baya, domin ya fara tsufa. Mikel dogo ne, ga ƙarfi, ba a ƙwace masa ƙwallo da sauƙi. Saboda haka aka mayar da shi baya. Aikinsa ya tare, ya ƙwace, ya miƙa wa na kusa, ya tsaya wurinsa.

Ya karɓi aikin, ya riƙe shi shekara 10 da rabi. Aka yi ta sake masu koyarwa, shi yana nan. Ya buga wa Chelsea wasa 372, ya ci ƙwallo 6 kacal. A babbar gasar Ingila sau ɗaya tak ya ci, cikin watan Satumba, 2013, ran da suka kara da Fulham. Abokan wasansa suka yi ta murna kamar an ci kofi.

Kada ku ce rago ne don bai ci da yawa ba. Ku dubi abin da Chelsea ta samu yana cikinta. Ta ci babbar gasar Ingila cikin 2010 da 2015. Ta ci Kofin FA cikin 2007, da 2009, da 2010, da 2012. Wanda ya fi duka kuwa shi ne Kofin Zakarun Turai.

Ran 19 ga watan Mayu, 2012, Chelsea ta kara da Bayern Munich ta Jamus, a filin Bayern ɗin, gaban mutanenta. Jamusawa suka tsare su a gida, suka yi ta kawo hari. Ranar ce aka ga amfanin garkuwa. Mikel ya buga minti 120 cif, yana tarewa yana ƙwacewa. Bayern ta ci saura minti 7 a tashi. Drogba ya rama da ka. Aka ƙara lokaci, ba wanda ya ci. Aka je bugun fanareti, Chelsea ta ci 4, Bayern 3. Wannan ne karo na fari da Chelsea ta ɗauki kofin. Kafin Mikel, Nwankwo Kanu da Finidi George sun taɓa ɗaukarsa da kulob ɗin Ajax na Holan cikin 1995.

Har wa yau ana gardama a kan wannan sauyin aiki. Waɗansu sun ce Mourinho ya kashe wa Nijeriya gwani, da an bar shi a gaba da ya yi suna kamar Okocha. Waɗansu sun ce da bai koma baya ba, da bai daɗe a Chelsea ba, balle ya tara kofuna. Kowane gefe yana da hujja.

6. Kofin Afirka da Wasannin Rio

Cikin 2013 aka yi gasar Kofin Afirka a Afirka ta Kudu. Stephen Keshi ne mai koyarwa. Mutane da yawa ba su sa rai ba. Cikin 'yan wasan akwai waɗansu haifaffun Jos, Ahmed Musa da Ogenyi Onazi. Mikel da Onazi suka riƙe tsakiya. Suka fitar da Kwaddibuwa, 2 da 1, duk da tana da Drogba da Yaya Toure. Suka ci Mali 4 da 1. Ran 10 ga watan Fabrairu, a birnin Johannesburg, suka ci Burkina Faso 1 da nema. Sunday Mba ya ci ƙwallon. Karo na uku ke nan da Nijeriya ta ɗauki kofin, bayan 1980 da 1994. Aka sa Mikel cikin gwanaye 11 na gasar.

Ciwo ya hana shi zuwa Kofin Duniya na 2010. Amma ya je na 2014 a Birazil, inda Nijeriya ta wuce zagayen fari, kāna Faransa ta fitar da ita, 2 da nema.

Cikin 2016 aka ba shi kyaftin, wato shugaban 'yan wasan ƙasa. A shekarar aka yi wasannin Olamfik a birnin Rio na Birazil. Na samari ne, amma an yarda kowace ƙasa ta kawo manya uku. Aka kira Mikel. A lokacin Chelsea ta yi sabon mai koyarwa, Antonio Conte, kowa yana neman wuri. Mikel ya san in ya tafi wani zai hau kujerarsa. Duk da haka ya tafi.

'Yan wasan suka sha wuya. Suka maƙale a birnin Atlanta na Amurka saboda matsalar jirgi da kuɗi. Mikel ya sa hannu a aljihunsa ya biya waɗansu bukatu. Ba su sauka Birazil ba sai ran wasansu na fari, saura 'yan sa'o'i a fara. Da gajiyarsu suka ci Japan 5 da 4. Daga ƙarshe suka zo na uku, bayan sun ci Honduras 3 da 2. Sadiq Umar ya ci biyu, Aminu Umar ɗaya. Lambar tagullar nan ita kaɗai Nijeriya ta samo a Rio.

Da ya koma Landan ba a sake sa shi wasa ba ko ɗaya. Cikin watan Janairu, 2017, ya yi sallama da Chelsea, ya tafi kulob ɗin Tianjin a ƙasar Sin.

7. Ranar Baƙin Ciki

Arziki yana jawo ido. Cikin watan Agusta, 2011, miyagu suka sace mahaifin Mikel a Jos. Bayan kwana biyu Chelsea tana da wasa da Stoke City, Mikel ya daure ya buga. Ya fito ya roƙi waɗanda suka kama tsohon su sake shi. Bayan kwana 10 'yan sanda suka same shi a Kano da ransa.

Abin ya sake faruwa cikin 2018, ana Kofin Duniya a Rasha. Ran 26 ga watan Yuni Nijeriya za ta kara da Ajantina. Idan ta ci za ta wuce, ko kunnen doki ma zai iya isar ta. Saura sa'a huɗu a fara aka gaya wa Mikel cewa an tare mahaifinsa a hanyar Makurɗi zuwa Inugu, an tafi da shi. Suka ce in ya gaya wa kowa za su harbe tsohon.

Ku auna wannan a zuciyarku. Ga uba a hannun miyagu, ga mutanen ƙasa duka sun zuba masa ido, shi ne kuma kyaftin. Bai gaya wa mai koyarwa ba, bai gaya wa abokan wasa ba, don kada hankalinsu ya tashi, don kuma ran mahaifinsa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ran nan ko fuskar ba ta faɗa ba. Ya ɗaura ƙyallen kyaftin, ya buga wasan har ƙarshe. Messi ya ci, Victor Moses ya rama. Saura minti 4 Ajantina ta ƙara ɗaya, aka fitar da Nijeriya. Sai ran 2 ga watan Yuli 'yan sanda suka kuɓutar da tsohon a Jihar Inugu. Sa'an nan ne duniya ta ji abin da kyaftin ya haɗiye.

8. Ƙarshen Wasa

Ƙarfin ɗan ƙwallo ba ya daɗewa. Cikin 2019 Mikel ya koma Ingila, ya buga wa Middlesbrough 'yan watanni. A shekarar ya je Kofin Afirka a Masar, inda ya fara cikin 2006. Nijeriya ta sake zuwa ta uku. Daga nan ya ajiye rigar ƙasa, bayan ya buga mata wasa wajen 90.

Ya tafi Trabzonspor a Turkiyya. Cikin watan Maris, 2020, da annobar korona ta ɓarke, ya ce bai kamata a ci gaba da wasa ba, rai ya fi ƙwallo. Shi da kulob suka rabu. Ya buga wa Stoke City shekara guda, ya ɗan taɓa a Kuwait. Cikin watan Satumba, 2022, ya ce ya bar ƙwallo.

9. Abin Lura

Jama'a, akwai abu uku da za mu ɗauka.

Na fari, kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba ka fahimta ba, ko ta gona ce, ko ta bashi, ko ta aiki. Ka karanta a tsanake. In ta fi ƙarfinka ka kai wa amintacce. Iyaye kuma ku yi hankali. Akwai 'yan damfara masu zuwa su ce za su kai yaro Turai buga ƙwallo. Su sa a sayar da gona ko shanu, su karɓi kuɗi, su yar da yaro a wata ƙasa. Cikin dubban yara masu buga ƙwallo kaɗan ne ke kai inda Mikel ya kai. Yaro ya yi wasa, amma ya riƙe karatu da sana'a.

Na biyu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya ci ƙwallo da wanda ya tare duk kofi ɗaya suka ɗauka.

Na uku, shugabanci kaya ne. Mai shi ya kan biya da aljihunsa, wani lokaci da wurin aikinsa, wani lokaci da hawayen da ba wanda ya gani.

Tambayoyi

1. Mutum nawa ne kowane gefe a wasan ƙwallo? Kashi nawa suka kasu?
2. Mene ne aikin ɗan tsakiya?
3. Yaya aka yi sunan yaron ya zama Mikel?
4. Me ya jawo rigima tsakanin Manchester United da Chelsea?
5. Waɗanne shekaru Nijeriya ta ɗauki Kofin Afirka cikin labarin nan?
6. Don me Mikel bai gaya wa kowa ba ran wasan Ajantina? Da kai ne, ko da ke ce, yaya za a yi?
7. A ganinku Mourinho ya gyara Mikel ne ko ya rage shi? Ku tattauna a aji.

Lissafi

1. An ba kulob ɗaya fam miliyan 12, an ba ɗaya miliyan 4. Nawa aka biya duka?
2. An haifi Mikel cikin 1987, ya bar ƙwallo cikin Satumba, 2022. Shekarunsa nawa a lokacin?
3. Ya buga wasa 372, ya ci ƙwallo 6. In aka raba daidai, bayan wasa nawa ya kan ci ɗaya?

Rubutu

Kowa ya rubuta cikakken sunansa sau uku, ya ba na kusa da shi ya duba ko akwai kuskure. Sa'an nan ku rubuta waɗannan kalmomi: ƙwallo, tsakiya, alkawari, wakili, garkuwa, haƙuri.